Shin ƙirƙirarriyar basira za ta cinye ayyukan mata? Amsa ga wata ma'aikaciya daga Ƙofar Marusa

Wata 'yar'uwa daga Ƙofar Marusa a birnin Katsina ta aiko da tambaya. Tana da babbar difiloma a fannin aikin sakatariya, kuma tana aiki a wani ofis inda take buga takardu, ta rubuta bayanin taro, ta kula da fayil. Ta ji ana cewa ƙirƙirarriyar basira, wato AI, ayyukan mata za ta fara cinyewa, kuma maza ne suka mamaye fannin. Tana son sanin gaskiyar maganar. Sannan ƙanwarta da ke shirin rubuta JAMB tana son karanta kimiyyar kwamfuta, amma mahaifinsu ya fi son ta yi jinya ko koyarwa, domin a ganinsa kwamfuta harkar maza ce.

Amin, wa alaikumus salam, ƙanwata. Kin taɓo abin da ya daɗe yana damuna tun da na fara koyar da kwamfuta a garin nan. Abin da kika ji yana da tushe, har akwai alƙaluma a bayansa. Sai dai a wurinmu ciwon ya fi tsanani a wani wuri daban da wanda ake nunawa. Abin da zai fi cutar da aikin mace a Katsina cikin shekarun nan shi ne abokin aikinta namiji, mai takarda irin tata, ya riga ta sabawa da wannan kayan aiki, ita kuwa tana gefe saboda rashin waya, ko rashin lokaci, ko rashin izini, ko tsoron abin da za a ce. Wannan giɓi ne da za mu iya toshewa da hannunmu, shi ya sa zan fi daɗewa a kansa. Amma bari in fara daga inda kika fara.

Cewa maza sun mamaye fannin, haka ne. A 2018 Taron Tattalin Arziki na Duniya, tare da LinkedIn, dandalin intanet na ma'aikata da masu neman aiki, ya ƙirga masu sana'ar AI a duniya, ya tarar mata kashi 22 ne cikin 100. Rahotonsa na 2023 ya nuna an ɗan matsa zuwa kusan kashi 30. Idan aka hau sama zuwa manyan masu bincike, adadin ya fi haka ƙanƙanta, domin hukumar UNESCO ta ambaci kashi 12 a wani rahotonta na 2019. Kada dai wani ya ce miki halitta ce ta raba. Kwamfutar ENIAC da aka kammala a Amurka a 1945, mata shida ne suka fara tsara mata umarnin aiki. A 1984 mata ne suka karɓi kashi 37 na digirin kimiyyar kwamfuta a Amurka, daga baya adadin ya zube zuwa kashi 18. Ƙwaƙwalwar mata ba ta ragu a tsakanin ba. Masu nazari da dama sun danganta zubewar da lokacin da kwamfuta ta shiga gidaje, aka riƙa saya wa 'ya'ya maza, suka iso jami'a da sabon da 'yan mata ba su samu ba. Kuma rumbun hotunan ImageNet na 2009, wanda ya share wa kwamfuta hanyar gane abin da ke cikin hoto, mace ce ta jagorance shi, Farfesa Fei-Fei Li.

To me ya shafe ki da yawan mazan da ke wani kamfani a Amurka? Ya shafe ki ta yadda na'urar take koyo. Ba ta da ra'ayin kanta. Ana tara mata abin da mutane suka rubuta, da hukuncin da suka yanke, da hotunan da suka ɗauka a baya, ta tsinci abin da ke yawan maimaituwa, ta ɗora a kai. In akwai son kai a abin da aka ba ta, sai ta gaje shi, kuma in babu mace a cikin masu gwada ta, ana iya daɗewa ba a lura ba.

Kamfanin Amazon ya fara gina wata manhaja a 2014 da za ta riƙa tace takardun masu neman aiki tana ba su maki. An koyar da ita da takardun da kamfanin ya karɓa cikin shekara 10, mafi yawansu na maza. Sai aka tarar tana rage maki ga takardar da ta ambaci ƙungiyar mata, da ta waɗanda suka fito daga wasu kwalejoji biyu na mata zalla. Babu wanda ya ba ta wannan umarni. An yi ƙoƙarin gyarawa, aka ga babu tabbacin ba za ta ɓullo ta wata hanya ba, aka watsar da ita, kamfanin dillancin labarai na Reuters ya fitar da labarin a 2018. Yanzu ki ɗora wannan a kanmu. Ga yarinya da ta fito daga sakandaren kimiyya ta 'yan mata ta Ajiwa ko Sandamu. Ga mace wadda takardarta ta nuna shekara biyu ko uku ba ta aiki, saboda aure ya kai ta wani gari, ko saboda haihuwa. Mutum zai iya tambayarta a intabiyu ta ba shi amsa ya gamsu. Manhaja ba ta tambaya, maki kawai take ragewa. Neman aiki a bankuna da kamfanonin sadarwa da ƙungiyoyin agaji ta intanet ake yin sa yanzu, kuma inda dubban takardu suka taru, tacewa da manhaja ce hanya mafi sauƙi ga mai ɗauka.

A 2018 ɗin kuma Joy Buolamwini, wadda iyayenta 'yan Gana ne, da Timnit Gebru, haifaffiyar Habasha, sun gwada manhajojin kamfanoni uku masu bambance fuskar mace da ta namiji. A kan fararen maza kuskure bai wuce kashi 0.8 ba. A kan mata baƙaƙe ya kai kashi 34.7. Kamfanonin sun gyara bayan an nuna musu, amma ki lura da waɗanda suka gano matsalar: mata biyu baƙaƙe, waɗanda abin ya shafa kai tsaye. Mu da yanzu ake ɗaukar fuskarmu a banki, a wurin katin ɗan ƙasa, a rumfar zaɓe, muna da haƙƙin tambayar fuskoki nawa irin namu, da hijabi da mayafi, aka gwada waɗannan na'urori da su. Manhajojin rubutu ma ba su tsira ba. Binciken UNESCO na 2024 ya tarar suna yawan haɗa mata da gida da 'ya'ya, su haɗa maza da albashi da shugabanci.

Akwai wani ɓangare na wannan da ya fi kusa da mu. Ki duba maƙwabciyarki mai sayar da atamfa da turaren wuta daga cikin gida. Tana ɗora kaya a sitatus, masu saye su aiko saƙon murya, yaro ya kai kaya. Kuɗi kuma a tura asusun maigida, ko na ƙanenta, ko na mai POS na bakin layi. Shekara da shekaru tana ciniki, tana zubin adashi ba fashi, amma a idon kwamfuta ba ta taɓa sayar da ko yadi ɗaya ba. Ranar da za ta nemi rance a manhajar da ke auna cancanta da tarihin shige da ficen kuɗi, za a ce ba ta da tarihi. Binciken ƙungiyar EFInA, mai nazarin yadda 'yan Najeriya ke amfani da banki, na 2023 ya nuna kashi 26 na manyan Najeriya ba sa amfani da kowace irin hanyar hada-hadar kuɗi, amma a Arewa maso Yamma adadin kashi 47 ne. Shi ya sa duk macen da ta zo mini da maganar sana'a, abin da nake fara tambaya shi ne ko layin waya da asusun banki da sunanta suke.

Mu zo kan aikinki. Ƙungiyar Ƙwadago ta Duniya ta yi nazari a 2023 ta tarar aikin akawu da sakatariya shi ne ya fi kowane aiki fuskantar wannan fasaha: kusan kashi ɗaya cikin huɗu na abubuwan da ake yi a cikinsa na'ura za ta iya ɗauka sosai, sama da rabi kuma za ta iya taɓawa. Tun da mata sun fi yawa a wannan aiki a ƙasashe masu arziki, sai nauyin ya fi faɗawa kansu. Sabon lissafin ƙungiyar na 2025 ya ce a waɗannan ƙasashe kashi 9.6 na ayyukan mata suna sahun da ya fi shiga haɗari, na maza kuwa kashi 3.5. Daga nan maganar da kika ji ta samo asali. Amma nazarin 2023 ɗin ya kuma ce ayyukan da na'ura za ta iya maye gurbinsu kashi 5.5 ne a ƙasashe masu arziki, kashi 0.4 a ƙasashe matalauta, kuma mafi yawan ayyuka sauya kama za su yi, ba ɓacewa ba. Yawancin matan jihar nan suna ƙananan sana'o'i ne, da sarrafa amfanin gona, da kiwo, da koyarwa, da aikin asibiti. Babu manhajar da za ta karɓi haihuwa a Rimi ko ta riƙe aji ɗaya na firamare a Mani.

Wannan bai sa hankalina ya kwanta ba, saboda wata magana da ke cikin nazarin. A ƙasashen da suka ci gaba, aikin ofis shi ne ƙofar da mata masu ilimi suka bi suka shiga aikin albashi da yawa. A ƙasashe irin namu wannan ƙofa tana iya rufewa tun ba ta gama buɗewa ba. Ba na jin za a miƙa miki takardar sallama gobe, musamman in aikin gwamnati kike yi. Abin da ya fi yiwuwa shi ne oga ya fara rubuta wasiƙarsa da kansa a waya, ya turo miki ki gurza kawai. In mai buga takardu ta yi ritaya, ba a ɗauki wata ba. Shagon buga takardu da ke ɗaukar 'yan mata uku ya koma ɗaukar ɗaya. Teburi yana nan, albashi yana shiga, amma aiki mai muhimmanci ya koma wani teburin, kuma ranar ƙarin girma can ake dubawa.

A nan ne giɓin amfani da AI tsakanin maza da mata ya shigo. A Denmak, ƙasar da kusan kowa ke da intanet, masu bincike sun tambayi ma'aikata 18,000 a sana'o'i 11, suka tarar ko a tsakanin masu sana'a iri ɗaya mata sun gaza maza da maki 16 cikin 100 wajen amfani da ChatGPT, manhajar AI mai amsa tambaya da yin rubutu, a aiki. Wasu masu bincike, ciki har da na makarantar kasuwanci ta Harvard, sun haɗa nazari 18 da suka ƙunshi mutum sama da 140,000 daga ƙasashe daban-daban, suka ga giɓin kusan ko'ina yake. Daga cikin dalilan da ake kawowa akwai rashin horo, da tsoron kada a ce mace ta yi maguɗi ko ba ta iya aikinta ba. Wannan tsoro na san shi a aji. Ɗalibi namiji zai ce mini, "Malama, na tambayi AI, ga abin da ta ba ni," yana alfahari. Ɗaliba mace za ta yi amfani da ita a ɓoye, ko ta ƙi taɓawa gaba ɗaya don kada a zarge ta.

Mu kuma muna da namu ƙarin. Rahoton ƙungiyar kamfanonin waya ta GSMA na 2024 ya ce a Afirka kudu da Sahara, yiwuwar mace ta yi amfani da intanet a waya ya gaza na namiji da kashi 32. A gidaje da yawa a nan, saurayi yana samun babbar waya tun yana sakandare, ƙanwarsa ko yayarsa sai dai ta ari ta Mama, ko ta jira wadda za ta zo cikin lefe. Shi yana iya zama a shagon caji ko wurin abokinsa mai kwamfuta har bayan isha'i, yana latse-latse, yana lalatawa yana gyarawa, kuma haka ake koyon kwamfuta. Ita kafin magariba tana gida, ga girki, ga ƙanne. Lokacin da aka katse layukan sadarwa a ƙananan hukumomi 13 na jihar nan a watan Satumban 2021 saboda matsalar tsaro, wanda zai iya hawa babur ya je neman sabis a wani gari ya je. Kin san waɗanda ba za su iya ba.

Ki shigo ɗakin kwamfuta ranar aikin gwaji ki gani. Janareta ya tashi, kwamfutoci ba su kai yawan ɗalibai ba, an raba su rukuni-rukuni. Kafin a gama kiran suna samari sun ja kujeru, hannu a kan kibod da maus. 'Yan matan suna tsaye a baya da littafi, suna kwafe abin da ya fito a allo, rubutu mai tsafta. Ranar jarrabawar takarda sau da yawa su ne kan gaba. Ranar da aka ce kowa ya zauna shi kaɗai ya nemo kuskure a manhaja, sai ki ga hannun yarinya mai ƙoƙari yana rawa, tana tsoron danna abin da zai lalata na'urar. Ilimin yana nan, sabo ne babu. Abin da nake yi shi ne in ware wa mata kwamfutocinsu, ko in sa dokar kowa ya zauna a kujera bi da bi. Kafin zango ya ƙare rawar hannun ta tafi.

Ba zan raina tsoron iyaye da mazaje ba, domin yana da dalili. Wannan fasahar tana iya ɗaukar hoton fuskar yarinya ta ɗora a kan jikin da ba nata ba. Wani kamfani na Holan mai suna Deeptrace ya ƙirga irin waɗannan bidiyoyin bogi a 2019, ya tarar kashi 96 na batsa ne, kuma mata ne a ciki. A garin da hoto ɗaya zai iya ɓata aure ya zubar da mutuncin gida, uban da ya ji wannan ya ce a ajiye waya ba mugunta ce ta sa shi ba. Sai dai karɓe wayar ba ya kare ta, tun da hotonta yana wayoyin ƙawaye da na 'yan biki. Abin da ke kare ta shi ne ta san yadda ake kulle shafi, ta san abin da ba a turawa, ta san cewa akwai Dokar Laifukan Intanet ta 2015 da aka yi wa gyara a 2024, kuma in abu ya faru ta ajiye shaida ta faɗa wa manya maimakon ta biya mai yi mata barazana. Haka kuma gida ya san cewa ana iya ƙirƙirar hoto, don kada a hukunta yarinya a kan abin da ba ta yi ba. Ita ce aka zalunta.

Ke kuwa, ba sai kin bar aikinki kin koma koyon rubuta manhaja ba. Tun watan Afrilun 2024 manhajar AI mai suna Meta AI take cikin WhatsApp a Najeriya, ChatGPT da Gemini ma suna da na kyauta. Ki ɗauki wata tsohuwar wasiƙa da babu sirri a cikinta, ki bayyana wa manhajar wanda ake rubuta wa, da muƙaminsa, da abin da ake nema, da tsawon da kike so, sannan ki gwada abin da ta ba ki da wanda kika rubuta. Za ki ga tana da sauri, Turancinta a tsaye. Za ki kuma ga inda take tuntuɓe. Ba ta san yadda ofishinku ke rubuta wa Mai Martaba Sarki ko Hakimi ko Babban Sakatare ba. Ba ta san lambar fayil ba, ba ta san wanda ake ba kwafi da wanda ba a ba ba. In ba ta san adadi ko kwanan wata ba tana iya ƙirƙirowa, ta rubuta shi kamar gaske. In aka ba ta sautin taron da aka gauraya Hausa da Turanci, kamar yadda tarukanmu suke, sai an bi bayanta layi-layi. Duk waɗannan ke kika san su. Sakatariyar da za ta gama aikin yini cikin awa biyu, ta kuma kama kuskuren na'ura kafin oga ya sa hannu, darajarta ta ƙaru. Ki haɗa da Excel, manhajar tsara jadawali da lissafi, ki ƙware a kai sosai, domin daga nan ake shiga nazarin alƙaluma, kuma kowace ma'aikata tana da tarin alƙaluman da babu mai tsara su.

Ki kiyaye abu ɗaya: kada ki zuba sunayen ma'aikata, da albashinsu, da lambobin banki, ko bayanan marasa lafiya a cikin waɗannan manhajoji. Abin da kika rubuta yana tafiya kwamfutocin kamfani a wata ƙasa, kuma Dokar Kare Bayanai ta 2023 ta ɗora wa ofisoshi alhakin kare irin waɗannan bayanai. Ki cire sunaye ki sa na misali.

Sannan kada ki ɓoye cewa kin iya. In kin tsara wa ofis jadawalin da ya rage wahala, ki nuna wa shugabanki yadda kika yi. In takardar neman sunayen masu zuwa horo ta zo, ki nema a rubuce a sa sunanki. A ofisoshi da yawa sunan matashin da ke gyara firinta ake sawa ba tare da an yi shawara ba, saboda an saba ganinsa da kwamfuta. Ga shugabannin ma'aikatu kuma ina roƙo: horon da aka sa bayan la'asar, ko na mako guda a Abuja ko Kaduna, ya riga ya cire mai goyo da wadda maigida ba zai bari ta kwana a waje ba. A kawo horon cikin ofis, a lokacin aiki, a ƙirga mata nawa ne a zaune. Jihar nan ta kafa hukumar fasahar sadarwa ta KATDICT a 2023, tana kuma cikin jihohi bakwai na farko na shirin AGILE na Bankin Duniya, wanda koyar da 'yan mata kwamfuta yana cikin manufofinsa. Gwamnatin tarayya ta buɗe shirin 3MTT a 2023 don horar da mutum miliyan uku, da darussan nazarin alƙaluma da na AI a ciki. Ni abin da nake auna irin waɗannan shirye-shirye da shi shi ne mata nawa suka kammala, kuma nawa ne ke aiki da abin bayan shekara. Yawan waɗanda suka yi rajista ba ya gaya mini komai.

Akwai kuma jarin da kike da shi wanda masu ginin AI suke nema, wato Hausa. Ƙungiyoyi irin su HausaNLP da Masakhane suna tara rubutu da fassara don kwamfuta ta iya harsunanmu, shirin tara muryoyi na Common Voice na Mozilla yana karɓar muryoyin Hausa, kuma a 2025 gwamnatin tarayya ta ƙaddamar da manhajar N-ATLAS mai jin Hausa da Yarabanci da Ibo. A irin waɗannan rumbunan, muryoyin maza sukan fi yawa. In za a gina manhajar da mai ciki a Ɓaure ko Zango za ta tambaya da baki, kuma an koyar da ita da labaran siyasa da muryoyin maza kawai, ba za ta fahimci yadda mata ke bayyana laulayi da naƙuda da jego da yaye ba, balle yadda ake kewaya magana saboda kunya. Mai saurin bugu da kyakkyawar Hausa irinki ta dace da aikin rubuta sauti da tantance fassara, kuma ana iya yin sa daga ɗaki. Amma ki shiga da ido buɗe. Mujallar Time ta ruwaito a 2023 cewa ma'aikatan Kenya da suka tantance rubutu don ChatGPT ƙasa da dala biyu ake biyansu a awa. Ki ɗauke shi matakin koyo, ki ci gaba zuwa mai duba aikin wasu da mai tsara shi. Duk wanda kuma ya ce ki biya kuɗin rajista kafin ya ba ki aikin intanet, ki rabu da shi.

Game da ƙanwarki, Baba bai yi kuskure ba da ya ga jinya da koyarwa ayyuka ne masu mutunci, kuma suna cikin waɗanda na'ura ba za ta ɗauke ba. Muna matuƙar buƙatar mata a asibitocinmu. In da ita ce ke son jinya, da na ce Allah ya ba da sa'a, ta haɗa da kwamfuta. Amma tun da zuciyarta na kan kwamfuta, ku fara gano ainihin abin da ke damun Baba. Sau da yawa in uba ya ce harkar maza ce, abin da yake nufi shi ne cuɗanya, da dare, da tafiye-tafiye, da ko aikin zai zauna da aure. Ku ba shi amsa a kan waɗannan cikin ladabi. Aikin jinya yana da kwanan asibiti, aikin manhaja da na alƙaluma kuwa yana cikin ƙalilan da mace za ta iya yi daga gidanta. Kuma ba sai ta bar jihar ba, ga Jami'ar Umaru Musa 'Yar'aduwa, ga Al-Ƙalam, ga ta tarayya a Dutsin-Ma, ga Kwalejin Kimiyya da Fasaha ta Hassan Usman. A 2024 hukumar NBTE mai kula da kwalejojin kimiyya da fasaha ta raba babbar difilomar kimiyyar kwamfuta gida huɗu, ɗaya daga ciki AI ce zalla. In akwai wani kawu ko wata gwaggo da Baba ke jin maganarsu, ku bi ta wurinsu, ko ku kai masa wata malama mai aure da 'ya'ya da ke wannan aiki ya ji daga bakinta.

Ita kuma ta riƙe lissafi da kyau, domin a kansa AI take tsaye. A JAMB za ta haɗa Turanci da lissafi da fiziks, da ɗaya daga cikin darussan da makarantar da ta zaɓa ta amince da su, don haka ta duba ƙa'idar makarantar kafin ta cike fom. Tun yanzu ki riƙa ba ta wayarki na awa ɗaya a rana kuna tare, ta fara darussan Python, wani harshen rubuta manhaja, na kyauta, akwai kuma Arewa Data Science Academy da ke horar da matasan Arewa ba tare da kuɗi ba in ta ɗan yi nisa. In Allah ya sa Baba ya amince ta kuma sami gurbi, ku sa kwamfutar hannu tata ta kanta a cikin lissafin kuɗin makaranta, tare da kuɗin rajista da na ɗaki. Ko wadda aka taɓa amfani da ita ce ta wadatar, in dai batirinta yana riƙe caji.